Biron Jatau

A garinmu an yi wani mutum, Jatau, Allah ya jiƙansa. Abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Lantana, da 'yarsu Kande mai shekara biyar.

Wata rana ƙarambau ya feso wa Kande. Jatau ya kai ta wurin Malam Ishaya, malamin asibiti, ya roƙi kafso. Malam ya ce, "Ƙwayar wannan ciwo ba ta jin kafso, da kanta take wucewa. Kada dai ka bari ta sosa." Jatau ya riƙe hannayen yarinyar kwana biyu cur. Maƙwabta suka tarar Lantana tana ba uba da 'ya tuwo a baki.

Lantana ta ce, "Baban Kande, sake ta ta yi fitsari mana!"

"Da hannu ake yi?"

Wata rana Malam ya ga ƙurji ɗaya a ƙaurinta ya ɗan yi ja, ya zagaye shi da biro. Ya ce, "In ja ya ƙetare layi, wata ƙwayar ce ta shiga, mai kawo mugunya. Ita tana jin magani, amma ba ta jira. Ka kawo ta nan take." Jatau ya sayi biro, ya zagaye kowane ƙurji a jikinta, ɗari biyu da goma sha huɗu. Kakar Kande ta zo dubiya, tana gani ta saki ƙwaryar fura.

"Innalillahi! Wane boka ne ya rubuce mini jika?"

Wata rana ana ɗaura auren ƙanin Lantana a bakin hanyar asibiti, Jatau yana gida yana duba zanensa. Ƙurjin da Malam ya zagaye ya bushe, amma wani a bayan gwiwa ya ƙetare layi da faɗin ƙwayar gero. Ya saɓa Kande, ya ratsa tsakiyar taro da gudu, ya ture tiren goro, liman ya tsaya baki buɗe. Lantana ta bi shi tana kururuwa.

A asibiti Malam ya taɓa wurin ya ji zafi rau, ya latsa, yarinya ta ƙwalla ƙara. Nan take ya yi mata allura, sannan ya ce:

"Da kun kai jibi, da ƙafar nan ba ta tsira ba."

Lantana ta zube a ƙasa. Jatau ya juya Kande a hankali, ya ce, "To, Malam, saura ɗari biyu da goma sha uku."

Malam Ishaya ya jawo kujera, ya fara dubawa ɗaya bayan ɗaya.