Nutson da Na Yi a Yanbu

Kuskurena ɗaya ne tak: na yarda da idona. Ranar da Kawu Tahir, mai gasa burodi a unguwar Sultana, ya kwashe mu, yaran gida, a bayan a-kori-kura zuwa bakin tekun Yanbu, tun daga Madina nake cika baki cewa ni kifi ne, don na saba wanka a kwamin ban-ruwa na gonar dabino.

Muka tsaya kan wani dutse da ya kutsa cikin teku. Ruwan garau, ina hango yashin ƙasa kamar in miƙa hannu in ɗebo.

"Kawu, wannan ai iya gwiwa ne," na ce. Na tattare jallabiyata, na taka.

Ban sami ƙasa ba. Sai da na sha gishirin da zai ishi miyar alhazan Kano kaf kafin Kawu ya cafko wuyan rigata.

"Wallahi buhun fulawa ya fi ka iya iyo," in ji shi.

Ni dai har gobe da gangan na nutse, kuma duk cikinsu wa ya kai ni zurfi? Ƙanwata ta raɗa mini Gawwas, wato gwanin nutso. Yanzu har limamin unguwarmu da sunan yake kirana.