Wasiƙu Biyar a Gwangwanin Biskit

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Lahadi ba, a tsakar gidan da nake haya a unguwar Maamobi. Waɗanda ke wurin su ne Alhaji Braimah, shugaban ƙungiyar mutanen garinmu, da Seidu mahauci, da sauran 'yan ƙungiya goma sha ɗaya a kan benci, da matata Adiza a bakin madafa tana tsince wake. Ni ne sakatare. Babur ɗina yana jingine a gindin bango, na goge shi sau biyu tun safe.

Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari mai tsalle.

A lokacin fam da sule ake kashewa, ni kuma masinja ne a wani ofis cikin gari. Na gaji da jiran lori a Kawukudi, sai na je wani shagon babura na ɗauki ɗaya, a kan zan riƙa biya duk wata har shekara biyu. Ran ɗaya ga wata, ƙarfe takwas daidai, ina bakin shagon. In biya, a ba ni rasit, in dawo gida in soke shi a ƙusa. Wata goma sha ɗaya ban yi lattin minti ɗaya ba.

A wata na goma sha biyu na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wani mai gadi ya ce kaya sun daina shigowa ƙasar, mai shagon ya tattara ya tafi, kuma shaguna biyu a layin sun riga shi rufewa. Na ƙwanƙwasa sau uku, na koma gida. Wata na gaba na zo da shaidu biyu, na ƙwanƙwasa sau uku. Na bayansa ma haka. Daga nan na yanke wa kaina hukunci (ban tambayi liman ba, don na san abin da zai ce): na kawo, ba a karɓa ba, na fita. Kuɗin wata ukun nan na kai su wani kanti na ɗauko rediyo, ita ma a kan biyan wata-wata. Wato bashi bai mutu ba, na haifo masa ƙane.

Sai wasiƙu suka fara zuwa ta akwatin gidan waya na Alhaji Braimah, wanda rabin unguwa ke amfani da shi. Ambulan mai ruwan ƙasa, da tambarin banki a kusurwa. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, amma ya ishe ni in san banki ba ya rubuta wa masinja don ya tambayi lafiyar iyali. Ban buɗe ba. Ban kuma yar ba, don ni ba mutumin shirme ba ne. Na jera su bisa kwanan watan hatimi, na ɗaure da zare, na sa a gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. Sau ɗaya Adiza ta yi magana.

"Maigida, takardun nan fa?"

"Suna cikin tsari."

"Ai ban ce ba sa cikin tsari ba."

Mu koma ran Lahadi. Batu na uku a takardar taro shi ne cin bashi, kuma ni na sa shi. Seidu ya ɗauki atamfa da gadon ƙarfe bashi saboda sunan ɗansa, mai kanti ya kawo ƙara wurin shugaba. Na miƙe, na gyara hula. Ina cikin gyaran murya sai ga wani dattijo mai lema da jakar fata. Ya yi sallama, ya tambayi sunana. Na duba agogo.

"Ka yi lattin minti goma. Kuma baƙi sai a ƙarshe."

"Papa, maganan na ni da kai ne," in ji shi, da Hausar da ya tsinta a kasuwar Nima. "Mu je baya kaɗan."

"A ƙungiyar nan ba a zuwa baya. Doka ta bakwai: maganar da ta shafi ɗan ƙungiya a gaban ƙungiya ake yin ta. Ni na rubuta ta. Zauna."

Ya zauna a ƙarshen benci, Adiza ta miƙa masa ruwa.

Minti ashirin na yi a kan Seidu, bawan Allah kansa a ƙasa yana murza hularsa. Na ce na farko, mai cin bashi ba ya lissafi. Na biyu, ba ya kunya. Na uku, yana ɓata sunan garinmu a ƙasar mutane. Sannan na nuna gindin bango.

"Ku dubi babur ɗin nan. Yau ba mahaluƙin da ke bina ko sisi a kansa."

Baƙon ya ƙware da ruwa. Na ce a bubbuga masa baya.

Muka yi batu na huɗu, muka yi na biyar. Na juya na ce, "Baƙo, bismillah. Ka ɗaga murya, na baya su ji."

Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya buɗe jaka. Ya ce shi ma'aikacin banki ne. Da shagon zai rufe, bankin da ke bin mai shi ya karɓe takardun duk masu biyan wata-wata, tawa tana ciki. Tun daga nan kuɗin ruwa ya hau sau biyu, kuma an sanar da ni a wasiƙa ta biyu da ta huɗu. Wata takwas ban biya ba. In rabin abin da ya taru bai isa banki kafin Juma'a ba, lori zai zo ya ɗauki babur.

"Wace wasiƙa?" na ce. (Cikin duk maganganun da na yi a rayuwata, wannan nake so a dawo mini da ita.)

Adiza ta ajiye tiren wake, ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin, ta aza shi a teburin sakatare, ta koma wurinta. Alhaji ya kwance zaren a hankali.

"Sakatare, ko ɗaya ba a yaga bakinta ba."

"Amma Alhaji, dubi yadda aka jera su," in ji Seidu. "Ta fari a sama."

Har mai lema sai da ya rufe fuska da jaka saboda dariya. Ni kuwa ina tsaye, alƙalami a hannuna.

Seidu ya ɗaga hannu, ya jira aka ba shi izini, yadda na koya musu.

"Shugaba, ashe batu na uku bai rufu ba. A rubuta."

Na rubuta sunana a ƙarƙashin nasa, da hannuna.

Bai sauke hannu ba. Ya ce kullum amalanke ke kawo masa nama daga Sabon Zongo, yana isowa bayan mata sun gama cefane. In sakatare zai ɗauko masa a babur kafin ya wuce ofis, zai biya shi abin da yake biyan mai amalanke. "Mutum ne mai surutu," in ji shi, "amma bai taɓa latti ba." Alhaji ya kawo shawara ƙungiya ta ara mini daga asusu, ba ruwa, in na mayar da rediyo. Aka ɗaga hannuwa, na ƙirga, na rubuta. Amma kuɗin asusun, saura kaɗan bai cika abin da banki ke nema ba.

"Zan cika daga adashina," in ji Adiza daga bakin madafa. "Amma duk wasiƙar da ta shigo gidan nan, ranar za a buɗe ta, a gabana."

Ita ce ta zama doka ta goma sha biyu.

Ran Alhamis ƙarfe takwas ina bakin banki. Wata goma sha huɗu ina jigilar nama, a ofis kuwa kuliyoyi biyu suka riƙa raka ni har bene saboda ƙarnin nama. Na biya banki, na biya ƙungiya, Seidu ma ya gama biyan gadonsa wata ɗaya kafin ni, kuma bai bar ni na manta ba. Rasit na ƙarshe yana nan a ƙusa. Babur ɗin ya kai 'ya'yana uku makaranta.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne. Na iya jera damuwa da kyau, na ɗauka hakan ya rage ta, ashe a cikin gwangwani ma girma take yi. Kuma in baƙo ya ce a je baya kaɗan, a je.

Saboda haka ina roƙonka, mai karatu: in akwai ambulan da ka ajiye a ƙarƙashin gado, ka aje wannan takarda, ka ɗauko shi, ka kira wanda ka fi jin kunyarsa a gidan, ku buɗe tare yau.