Farar Kujerar Alhaji Munzali Ta Kwanta Dama a Baure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, iyalan Alhaji Munzali mai hatsi na kasuwar Daura suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kujerarsa ta roba, wadda aka fi sani da Fara. Ta cika ne a Baure ranar Juma'a da la'asar, a bakin aikinta, a ƙarƙashin mai gidanta, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala. Ta rasu tana da shekara bakwai a duniya. Duk wanda ya san girman jikin Alhaji zai shaida cewa ta yi tsawon rai.

Marigayiya ta shigo gidan ne su huɗu 'yan uwan juna, ranar sunan 'yar Alhaji ta uku. Ukun ba su ga ƙarshen wata ba, zama ɗaya ya yi a kan kowacce ta baje ƙafafu. Fara ce kaɗai ta ce "ƙiii" ta daure. Tun daga ranar ba su rabu ba. Da ita yake zuwa rumfa, da ita yake zuwa ɗaurin aure da zaman makoki, domin Alhaji ya kai munzalin da in ya zauna a tabarma sai an nemo ƙarti huɗu kafin ya tashi, da na biyar mai ba da umarni.

Wannan duk bai dame shi ba kamar zuwa Baure. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan je gaida mahaifiyarsa, Hajiya Ummukulsum, Fara na ɗaure a saman mota. Tsohuwa tana zaune a tabarma, ɗanta yana bisa kujera yana gaishe ta daga sama kamar alƙali. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai in za ta sa masa albarka takan miƙa hannu don ta dafa kansa, hannun ya tsaya a gwiwa. Shekara bakwai gwiwar Munzali tana kwasar albarkar da aka yi niyya don kansa. A gaban mutane dariya yake yi, amma a mota abin yana ci masa rai har a iso Daura.

Bara da damina jiri ya kai shi asibiti. Ya shiga da uzurinsa a shirye, don ya zaci za a ce ya riƙa zagaye filin ƙwallo da gudu. Sai ma'aikaciyar lafiya, wata Malama Amatullah, ta tambaye shi ko yana da kujera. Ta ce ya zauna, ya tashi, sau biyar da safe, sau biyar da yamma. Ya riƙa ɗaga ƙafafu yana zaune kamar mai taka keken ɗinki. Ya cika gorar ruwa biyu ya riƙa ɗagawa. Ya dafa bango ya tura. Ya taka daga ƙofar gida zuwa darbejiyar bakin layi, in numfashi ya hana shi magana ya tsaya ya huta. Duk wannan shiri aka ƙulla shi ba a nemi shawarar Fara ba.

Ta karɓi aikin ba gunaguni, in ban da "ƙiii" lokacin zama da "fuuu" lokacin tashi. A zaure aka kafa ta, matarsa Mardiyya tana ƙirga masa daga bayan labule. Matsalar ita ce zauren yana kallon hanya. Duk wanda ya zo wucewa ya ga Alhaji ya miƙe, sai ya ɗauka shi aka miƙe wa, ya cire takalmi ya shigo gaisuwa: an tashi lafiya, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa. Kafin a gama lissafi ya ɓace, a sake daga ɗaya. A wata biyu Alhaji ya yi suna a unguwa cewa ba a taɓa ganin mai girmama jama'a irinsa ba, har mai tallan ƙosai miƙe mata yake yi. Fara ce ta ɗauki nauyin wannan suna.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga Babbar Sallah. Alhaji ya kwana uku tsakanin soye da farfesu bai motsa ba. Rana ta huɗu abin ya tsaya masa a rai. Da yake mutum ne da bai taɓa barin ramuwar azumi ta kai shekara ba, sai ya yanke shawarar ya rama na kwana ukun nan a safiya ɗaya. Lokacin ya kai zama da tashi ashirin a rana, sittin ke nan. A na arba'in da ɗaya aka ji "ƙarras" daga ƙafar baya ta hagu. Da labari ya kai wa Malama Amatullah ta yi masa tatas, ta ce motsa jiki ba a rama shi, na jiya ya wuce, na yau ake yi. An garzaya da marigayiya wurin Saminu mai liƙin roba, ya gasa wuƙa ya liƙe, ya ɗinke da waya, ya ba da shawarar a bar ta ta huta. Ina hutu a gidan Munzali.

Ranar da za ta cika an kai ta Baure kamar kullum. Aka ajiye ta gaban tsohuwa, Alhaji ya juya ya zauna. Ba ta yi "ƙiii" ɗin da ta saba ba. "Ɓass" kawai aka ji, sai ga Alhaji a ƙasa, hula ta yi gabas, kaji sun watse. Ƙannensa suka taso za su ɗaga shi, ya ɗaga musu hannu. Can ya lura cewa karon farko ke nan a shekara bakwai da yake kallon fuskar uwarsa daga ƙasa. Sai ya gyara gwiwoyinsa sannu a hankali, ya durƙusa, ya gaishe ta yadda aka koya masa yana yaro. Hajiya ta miƙa hannu, wannan karon ya sauka a kai. Ta shafa, ta sake shafawa, ta ce ashe furfura ta cika masa kai ba wanda ya gaya mata. Alhaji ya yi kuka, kuma duk wanda ya ce kukan kujera ne bai san shi ba. Da suka gama ya dafa turmi, ya kafa ƙafa ɗaya, ya ja numfashi, ya miƙe da kansa. Ƙannen huɗu suna tsaye da hannuwa a sake ba aikin yi.

Kada dai a je ana yaɗa cewa Alhaji ya rame. Bai rame ba, tela yana nan yana kuka da yadi. Abin da ya samu shi ne gwiwa.

Marigayiya ta rasu ta bar gorar ruwa biyu, tagwaye, waɗanda har yanzu ba a faɗa musu ba. Ta bar takalmin kambas ƙafa biyu, na daman ya fara buɗe baki. Ta bar bangon zaure mai shatin tafin hannu, wanda maƙwabci Malam Nu'uman ya taɓa rugowa da gwafa zai tokare, da ya ga Alhaji ya dafe shi yana nishi bayan an ɗauke ruwan sama. Ta bar darbejiyar bakin layi, wadda Alhaji yanzu yake wuce ta ba ko sallama. Ta kuma bar mai gidanta, wanda ya ce ya yafe mata faɗuwar, yana roƙon ita ma ta yafe masa sittin ɗin nan.

Za a yi mata rakiya gobe Lahadi da hantsi, daga ƙofar gida zuwa rumfar masu sayen tsohuwar roba. A ƙafa za a je, a hankali, kuma za a yada zango a inuwa ga duk wanda numfashi ya hana magana. Iyalan suna godiya ga masu niyyar kawo sabuwar kujera, amma suna roƙon a bar ta a shago.

Za a karɓi gaisuwa a zaure har kwana uku. Hajiya Ummukulsum za ta zo daga Baure, za a shimfiɗa mata darduma, mai rashin kuma yana ƙasa kusa da ƙafarta. Duk wanda ya shigo Alhaji zai miƙe masa, wannan karon don girmamawa ne tsakani da Allah, ko da yake Mardiyya za ta ƙirga. Abu ɗaya ake roƙon jama'a: in kun ga zai tashi, kada kowa ya miƙa masa hannu.