Yadda Za Ka Zaga da Surukinka Garinku Ba Tare da Ya Hana Ka 'Yarsa Ba

Ka je birni ka cika baki cewa garinku gari ne mai tarihi, ko? To ga shi uban budurwarka ya rantse sai ya ga garin da idonsa kafin ya yarda 'yarsa ta zauna a ciki. Kai kuwa ka san tun da aka rufe masaƙa, ko kare ba ya haushi da ƙarfi a garinku. Share zufarka. Bi matakan nan, aure kamar an ɗaura!

1. Tare shi a tasha

Kada ka bari ya yi hira da direba, direbobi ba su da sirri. Fizge jakarsa, ka nuna masa dogon bututun hayaƙin masaƙa, ka ce, "Baba, ga hasumiyarmu." Idan ya ce bai ga hayaƙi ba, ka ce ku kuka fara yaƙi da gurɓata iska. Shamuwar da ta yi sheƙa a samansa kuwa, 'yar yawon buɗe ido ce.

2. Kai shi dutse

E, tsibin tokar nan da injuna suka amayar a bayan masaƙa, wanda ciyawa ta rufa wa asiri. Daga yau sunansa Dutsen Kakanni. Ku tsaya daga ƙasa! Wanda ya hau na ƙarshe ya nutse har gwiwa, takalmansa na ciki har gobe. Masu hikima sun ce dutse daga nesa ya fi kwarjini. Ni ne masu hikimar.

3. Ratsa kogi da sauri

Da can ruwan rini ke kwarara a ciki, har mata kan gane ranar mako da launinsa: ja Litinin, shuɗi Laraba. Yanzu launinsa ɗaya, kuma ba a raɗa masa suna ba. Ka ce hutu yake yi. In Baba ya tambayi kifi, ka yi tari ku wuce.

4. Yi hattara da mai aski

Layin dogo ya ƙare ne daidai ƙofar shagonsa, ba hanyar kauce masa. Roƙe shi tun jiya ya riƙe bakinsa. Ba zai riƙe ba.

"Malam, yaushe jirgi ke zuwa?" in ji Baba.

"Yana hanya, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun ina da gashi."

Ka yi dariya da ƙarfi, kamar wasa ne.

5. Jiniya

Wannan kam ba ya ɓoyuwa. Da rana ta take, kawunka, wanda shi ke kaɗa jiniya zamanin masaƙa, zai tsaya a bakin ƙofarta mai tsatsa, ya ɗaga kai sama ya yi ta da baki: "Wuuuuu!" Nan take tsofaffin ma'aikatan da ke zaune gindin katanga za su miƙe, su kakkaɓe riguna, suna "Sannu da aiki!" "Yauwa, sannunmu!", su kama hanyar gida.

Baba zai juyo ya ce, "Wannan fa?"

Ƙaryarka ta ƙare. Sunkuyar da kai ka ce, "Baba, an tashi aiki ne."

Zai kalle ka, ya kalli dattawan. Sannan ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, ya bi bayansu yana "Ku jira ni mana!"

6. Karɓi sakamako

Sai la'asar zai dawo, hannunsa cikin na kawunka. "Ɗana, na ba ka! Gari ba hayaniya, ba hayaƙi, ga dattawa masu kan gado. Ni ma na kusa ajiye aiki. Ɗakin nan da ke jikin naku, wa ke ciki?"

Kada ka kalle ni.

Gargaɗi

Aure na yi maka alkawari, ban ce ba za a haɗa maka da maƙwabci ba. Idan kawunka ya ɗauke shi mataimaki suka riƙa yin jiniya murya biyu a ƙarƙashin tagarka, babu ruwana. Ranar da kuma Baba ya ɗaura ɗamarar hawan Dutsen Kakanni, kai ka raɗa wa dutsen suna, kai za ka tono surukinka. Ka haɗo da takalman nan, nawa ne.