Hoton Kawu Sanda a Jirgin Yeji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe ambulan ɗin nan a tsakar gidanmu ba, ko da na so. Na daɗe ina kai-kawo kafin in zauna rubuta wannan labari. Sau uku ina farawa ina yagewa. Na farko na ji kamar ina cin naman mamaci, na biyu rubutuna ya karkace, na uku kuwa ban ga laifinsa ba, amma na yage don kada a ce ban yi hattara ba. Haka Allah ya yi ni. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin titi, ya dawo ya girgiza kwaɗon, sannan ya tafi yana tunanin ko girgizar ce za ta ɓalle shi.

A ƙarshen 1969 ina aikin shafa wa kujeru fenti a unguwar Anloga cikin Kumasi, wajen wani kafinta ɗan Asante da muke kira Wofa Yaw. Shi kuma Kramo yake ce min, kamar yadda suke ce wa duk mai salla. In aiki ya lafa, sai in tsinci guntayen katako in yi zane: motocin goro, masallacin unguwa, kaji. Malamin unguwarmu ya taɓa gaya min zana abu mai rai akwai nauyi, don haka duk kazar da na zana sai na ja mata layi a wuya, kada ranar gobe a ce in busa mata rai. (Har yau kajina duk a yanke suke.)

Cikin azumin shekarar aka fito da dokar nan cewa baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Zango, unguwarmu ta baƙi, ya rikice. Mu abin ya faɗa kan Kawu Sanda, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar goro da ya zo daga wajen Dogon Dutsi tun yana saurayi. An ce masa a gwada nema masa takarda, amma sai da hoto. Ya ce fuskar da Allah ya ba shi ba ta mannawa a takarda ba ce. Aka yi rarrashi, aka yi faɗa, ya ɗaure tabarmarsa da butarsa ya ce gida za shi.

Ƙanwarsa Inna Hajo ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mijinta ɗan Salaga ne, dokar ba ta taɓa ta ba, ga ciwon ƙafa da ya hana ta ko zuwa bakin tasha. Ita da Kawu kaɗai suka rage a ɗakin mahaifiyarsu, kuma ba a taɓa ganin sun zauna ba su yi wa juna tsiya ba. Kwana biyu kafin tafiyar ta kira ni.

"Kai da ka iya zane, zana min shi."

"Inna, in na zana shi sai na ja masa layi a wuya."

"Ka yanka min ɗan'uwa? Je ka nemo abin hoto. Kai za ka raka shi har ƙetaren ruwa. In ka dawo ba fuskarsa, kada ka shigo min ɗaki."

(Sai da na biya wajen Malam na tambaya. Ya ce hoto inuwa ce aka kama, ba zane ba. Na sake komawa da yamma in ji ko ya canja magana.)

Wofa Yaw yana da kyamara, wani baƙin akwati mai ƙaramar taga ja a baya. Ya saka mata fim da kansa, ya ba ni sharuɗɗa uku. Rana ta kasance a bayanka. Kada ka buɗe bayan akwatin, haske yana cinye hoto. Na uku, duk hoton da ka ɗauka, ka murɗa wannan kunnen na gefe har lambar da ke taga ta canja.

Da na zo gida na ce bari in gwada kunnen. Ina taɓawa ya yi wata ƙara kamar an taka ƙashin kaza. Kayan aro, ga tafiya gobe. Na zauna na yi nazari irin na masu hankali: in na murɗa a hanya ya karye, na rasa komai. In kuwa na bari, ai murɗawa ba guduwa za ta yi ba. Matafiyi ma an ba shi damar ya ajiye azumi ya rama. Sai in riƙa ƙirgawa, in na dawo gida lafiya in rama su gaba ɗaya a natse. Wallahi har daɗin dabarar na ji.

Muka hau mota, Ejura, Atebubu, har Yeji. Wanda bai ga bakin ruwan nan a makon ba, ba zai gane ba. Motoci sun yi layi, mutane da katifu da turame da kekunan ɗinki, wata tsohuwa rungume da agogon bango. Jirgin fiton kuwa wani faffaɗan ƙarfe ne da ke ɗaukar motoci da mutane gaba ɗaya, yana tafiya kamar ba ya so. Kawu ya ƙi ajiye azumi, ni ma kunya ta hana ni, ga rana tana dukan ƙarfe, ƙarfe yana dukanmu.

Jirgi na tashi, mai zanen da ke cikina ya motsa. Ruwan ya shanye daji, busassun itatuwa sun miƙo hannu daga cikinsa kamar masu neman a cece su. Na saita, na danna. Ɗaya. Can ga wata mai kifi da katon farin kwano a ka, ta tsaya ƙyam ko dafawa ba ta yi. Na danna. Biyu. Kowane lokaci sai in leƙa jar tagar in ga lamba ɗaya tana nan daram, in ce alhamdu lillahi, ba abin da ya lalace.

Sannan na je ga babban aikin. Kawu yana zaune a inuwar wata mota mai baƙin tamfol, yana jan carbi.

"Kawu, Inna ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Hajo ba ta san fuskata ba ne? Shekara sittin tana kallonta tana kushewa."

"Ta ce in ban kawo ba kada in shiga ɗakinta."

"To ka huta da aike."

Na yi tsaye da akwati a ƙirji kamar mai tallan sabulu. Ya daɗe yana kallon gaɓar da muka baro, har ta zama siririn layi. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara zaman hula.

"Sau ɗaya," ya ce. "Ka ƙara, in jefa ku ruwa kai da akwatin."

Na duba rana, tana bayana. Na yi bisimilla, na riƙe numfashi, na danna. Uku.

"Ka ce mata in ta gaji da kallo ta kife shi," ya ce, ya koma kan carbinsa.

A ƙetare muka rabu. Ya damƙa min goro biyu farare, ɗaya nawa ɗaya na Inna, ya hau mota bai waiwayo ba. Ni kuma na biyo jirgin dawowa da motocin shanun arewa. Ya kamata a ce baƙin ciki ya ishe ni, amma sai ga wani farin bijimi ya leƙo ta saman mota, ƙahonsa kamar an zana da alli. Na ce wannan ba a barinsa. Huɗu.

Na dawo na tarar Wofa Yaw ya tafi makoki ƙauyensu, makokinsu kuwa ba a gaggawa. Na shiga ɗaki, na rufe taga, na lulluɓa da bargo ni da kyamara, na rama murɗawata huɗu cif. Kunnen bai karye ba. Na ji kamar na sauke farali.

Sai bayan Salla na iya kai kyamarar wani shagon wanke hoto a unguwar Adum, don kullum sai in ga kamar ba ranar da ta dace ba ce. Da na koma karɓa, mai shagon ba ya nan. Matarsa ta miƙo min kyamara da ambulan a rufe, ta bi ni da wani kallo mai tsawo. Na ɗauka ta ji labarin gwanintata ne. Ambulan ɗin ba nauyi, na ce takardar zamani ce. Ban buɗe ba. An ce haske yana cinye hoto, ni kuwa ba wanda ya gaya min yaushe yake daina ci.

Nan ne girman kai ya shigo. Na haɗa firam huɗu da ragowar katako, na shafe su suna ƙyalli. Na gaya wa duk gidan haya, na gaya wa maƙwabta, ranar Lahadi bayan la'asar za a ga hotunan tafiya. Lokacin an shiga 1970, ɗakuna da yawa a layinmu a kulle suke, mutane suna marmarin duk abin da zai tara su. Aka jera benci. Malam ya zo. Fuseni tela ya zo, mutumin da bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Wofa Yaw ya dawo, ya zo da zanensa a kafaɗa a matsayin mai kyamara. Aka fito da Inna aka zaunar a kujera ta tsakiya.

Har jawabi na yi. Na yi bayanin rana a baya. Na koma inuwar bango, na buɗe ambulan, na zura hannu. Hoto ɗaya. Na leƙa, na girgiza, na busa. Ɗaya.

Ban kai ga dubawa ba Fuseni ya fizge. Ya kalla, ya juya shi, ya sake juyowa.

"Jama'a, Kawu ya canja sana'a."

Kawu ne kam, ba shakka, da hararar nan tasa. Amma ƙaho biyu farare sun fito ta gefen hularsa, dama da hagu, daidai wa daida kamar an auna. Bisa hular ga katon kwanon kifi a zaune. Busassun itatuwa sun tsiro daga ƙirjinsa, ruwa kuma ya kai masa har gemu.

Hoton ya bi benci hannu zuwa hannu. Kowa ya karɓa da ladabi, ya miƙa yana tari. Wata ta sa mayafi a baki. Fuseni ya ce, "Dama an ce sai da hoto za a ba shi takarda. Da wannan, sai dai ta kasuwar shanu."

Wofa Yaw ya duba ya dube ni. "Kramo, ka murɗa?"

"Na murɗa, Wofa. Huɗu cif. A gida na rama."

"Ka me?"

"Na rama."

Sai da Fuseni ya fassara masa da Twi, yarensu na Asante. Wofa ya yi dariya har zanensa ya zame daga kafaɗa. Malam, wanda nake sa ran zai rufa min asiri, ya share hawaye ya ce, "Ɗana, ramuwa a azumi na koya muku. Ban ce ku kai ta akwatin Nasara ba."

Ni dariyar ba ita ta fi ci na ba. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba ya tsaya sau ɗaya, saboda ƙanwarsa, na sa masa ƙaho. Kuma ya tafi inda ba zan ce a sake ba.

"Ku ba ni," in ji Inna.

Ta kai hoton kusa da ido, ta daɗe. Na durƙusa gefen kujerarta.

"Inna, ina da baƙin fenti. Zan shafe ƙahon, ba wanda zai gane."

"Ka taɓa shi in karya maka hannu." Ta sa ɗan yatsa ta shafi wajen idon. "Shi ne. Dubi yadda yake hararata." Ta ja hanci. "Ƙahon kuwa dama yana da su. Ku ne ba ku gani."

"Kwanon fa, Inna?" in ji Fuseni.

"Ya ɗauka. Shekara arba'in ina kai masa tuwo bai taɓa dawo da kwano da kansa ba."

Na isar mata da saƙonsa, cewa in ta gaji da kallo ta kife. Ta ce in sa shi a firam in rataye saitin gadonta. Ba ta taɓa kife shi ba. Sauran firam ukun, kajina yankakku na zuba a ciki.

Sau ɗaya wani direban goro ya ce ya ga Kawu ya isa lafiya. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, har Inna ta rasu, hoton ya dawo hannuna. Abin da na koya shi ne, duk cikin akwatin nan abu ɗaya ne ke buƙatar a taɓa shi, shi ne kuma na ji tsoron taɓawa. Ban ce na daina tsoro ba. Yanzu dai ina murɗawa, sannan in ji tsoron.

Don haka ina roƙon masu karatu, musamman na wajen Dogon Dutsi: in akwai wanda ya san zuriyar wani Sanda mai goro, dogo, mai harara, da ya dawo daga Kumasi cikin azumin shekarar da aka kori baƙi, ya taimaka ya sanar da ni inda ya ƙare da inda aka binne shi. Ku gaya wa jikokinsa hoton kakansu ɗaya tak a duniya yana wurina, kuma nasu ne. Sai dai kafin su buɗe ambulan, su bari in yi bayani.