Rasuwar Shuɗiyar Kula, Wadda Shinkafar Biki Ta Kashe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Malama Rachael Tizhe ta unguwar Yelwa a nan Mubi, mai binciken ruwan rafuka da tafkuna da halittun da ke cikinsu, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da surukai, musamman surukai, rasuwar abokiyar aikinta Shuɗiyar Kula. Marigayiyar ta cika ranar Asabar ɗin da ta wuce a filin biki, a ƙarƙashin wani ƙaton bawan Allah da ya mayar da ita kujera. Ta bar duniya da sauran dafa-duka a cikinta, abincin da ba ta taɓa roƙon kowa ba tsawon rayuwarta.

Ba a san ainihin shekarunta ba, domin a hannun 'yan gwanjo aka same ta a kasuwar Mubi. Amma tun ranar da ta shigo gidan, aikinta ɗaya ne tak, ta riƙe sanyi. Akwai mutanen da a wurinsu ruwa ruwa ne kawai, kuma tun da dominsu aka rubuta wannan sanarwa, bari a yi musu bayani a hankali. Ruwan da aka ɗebo daga rafi don gwaji, in ya sha zafi, abin da ke cikinsa yakan lalace, kafin ya isa ɗakin gwaji a Yola ya zama ruwan banza da ba ya shaidar komai. Marigayiya ce take tsayawa tsakanin kwalaben nan da zafin ranar Mubi, kuma ba ta taɓa ba da kunya ba.

Ta sha ɗauri a bayan babur zuwa Vimtim da Duvu, ta sha faɗuwa cikin laka, ta sha dukan ruwan sama a bakin rafi yayin da uwar ɗakinta take cikin ruwa har gwiwa tana cika kwalba. Shekarar da gari ya watse aka yi gudun hijira, ita ta ɗauki takardun makarantar Malama Rachael har Yola, ta dawo da su ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Ko ƙafafun Malama sun yi tsami, ba ta taɓa zama a kanta ba, gara ta nemi dutse. Ko kwalbar lemo ba a taɓa sa mata ba, saboda ɗan maiƙo ko ɗan zaƙi ya isa ya ɓata gwajin wata guda. Mista Nicholas, maigidan Malama, ya taɓa gwada ɓoye lemonsa a cikinta wata Kirsimeti, kuma abin da ya ji a ranar ya isa ya zama darasi ga mai hankali. Ba ta da yawan magana. In an rufe ta sai ta ce “ƙwaf”, a kan hanyar gargada kuma ƙanƙararta ta riƙa cewa “kacau-kacau”, iyakarta ke nan.

Aikinta na ƙarshe a Duvu ne. Bayan ruwan farko na damina, an wayi gari kifaye sun taso ciki sama a rafin da ke gangaren ƙauyen, awaki kuma sun sha sun mutu. Nan take yatsu suka nuna Malam Bakari, wani dattijo mai lambu a bakin rafin, wanda yakan ɗan jefa fatsa da yamma. Aka ce guba ya zuba don ya kwashi kifi. Shi ba ɗan asalin garin ba ne, filin lambun ma aro aka ba mahaifinsa, saboda haka dattawa suka fara maganar karɓe shi. Malama Rachael ta isa a ranar, kuma ta ga abin da kowa ya gani ya kau da kai: can sama da lambun akwai wani dutse inda samarin gari, 'ya'yan kowa da kowa, suke wanke tankunan feshi in sun gama fesa maganin ciyawa. Ta ɗebi ruwa sama da lambun da ƙasa da shi, ta naɗe 'yan kifaye a leda, ta roƙi dattawa su dakata. In aka sami dafin tun sama da lambun, ai ba Malam Bakari ba ne. Suka yarda za su jira. Washegari aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin ya wanke kansa tas. Abin da ya rage na ruwan wannan rana a duniya, yana cikin marigayiya.

Sai Litinin ɗakin gwajin zai buɗe, wuta kuma ta yi tafiyarta kamar yadda ta saba, saboda haka safe da yamma Malama tana sayo ƙanƙara wajen Zailani. Ranar Asabar ta tarar babu ko ɓallin guda, masu biki sun kwashe. Ta shiga gari nema. Bikin kuwa na gida ne, na Mercy, 'yar Anti Winifred, yayar Mista Nicholas. Kowa ya san al'adar: in biki ya tashi, duk kular da ke cikin dangi ta zama ta biki, ba a tambaya, sai dai a shafa mata jan farce a gindi don a gane mai ita. Anti Winifred ta iso da matan zumuntar coci biyu, Keke Napep yana jiran su a ƙofa. Mista Nicholas, namijin duniya, ya buɗe baki ya ce, “Anti, kamar akwai kayan aikinta a ciki fa.” Da aka harare shi sai ya tuna bai goge takalminsa ba.

Anti ta ɗaga murfi, ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba ta a hasken rana, ta yanke hukunci irin na manyan masana. “Ruwa ne. Ruwan datti ma.” Aka tuttule su ɗaya bayan ɗaya a kwata. Kwalaben kuwa, da yake ruwan ƙasa ne masu kyan gani, aka ɓare rubutun jikinsu, aka wanke su da omo, aka cika da zoɓo don teburin manyan baƙi. Kifin aka jefa wa kyanwar maƙwabta. Ba a sake ganin kyanwar ba tun ranar, sai dai kyanwa ba ta zuwa gaban dattawa ta ba da shaida.

Daga nan ciwon ajali ya kama. An juye mata shinkafa daga kan wuta kai tsaye, tana tururi, ita da ba ta san komai ba sai ƙanƙara. Cikinta ya lanƙwashe, manja ya shiga duk wata kafa ta jikinta, bakinta ya karkace har murfin ya daina zama. Duk da haka ta daure, ta ciyar da jama'a har la'asar. Sai kujeru suka yi kaɗan, wani daga dangin ango ya waiga, ya gan ta a gefen rumfa, ya sauke mata dukan abin da Allah ya hore masa. Waɗanda suke kusa sun ce ta ce “ƙaras” sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Shi kuma ya tashi ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

An dawo da gawar washegari bayan an tashi daga coci, ɗaure da igiya, da ƙanzo a ciki a matsayin tukwici. Anti Winifred da kanta ta kawo ta'aziyya, kuma ya kamata a adana kalamanta don 'yan baya. “Matarmu, kar ka damu, kula ɗin ya riga ya tsufa ai. Ruwa kuma ya ƙare a mayo ne, rafin ya ƙafe? Gobe a ɗebo maka jarka guda.” Mista Nicholas ya ƙara da nasa, yana kallon ƙasa: “Maman Miracle, yi haƙuri, abin na gida ne.” Abin da ke bakin Malama Rachael a lokacin ba na ranar Lahadi ba ne. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, kuma ba ta jin kunyar a rubuta haka.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta, wanda ya tsira da rauni a kunne ɗaya. Ta bar kwalabe da dama, waɗanda yanzu suke warin citta da kanumfari a gidajen manyan baƙi, don kowa ya tafi da tasa. Ta bar dogayen takalman roba, da ragar kamun ƙwarin ruwa, da na'urar auna iskar ruwa, da babur ɗin da ya goya ta shekara da shekaru. Ta bar Zailani mai ƙanƙara, wanda shi kaɗai ya tambayi abin da ya sami ruwan kafin ya tambayi yadda biki ya tashi. An sa sunan Mista Nicholas cikin masu makoki saboda darajar aure kawai.

Da safiyar Litinin Malam Bakari ya iso Yelwa cikin rigarsa ta Juma'a, da ƙullin kuɓewa a hannu, wai ya zo ya raka ruwan tasha. Aka nuna masa gawar. Ya daɗe yana kallon jan man da ya rine cikinta, sannan ya ce, “To Malama, yanzu wa zai faɗa musu?” Kafin yamma labari ya kai Duvu, dattawa suka aiko cewa sun jira ruwa, ruwa bai yi magana ba, saboda haka ya bar lambun kafin ranar kasuwa.

Game da jana'iza, ba za a haƙa rami ba. Malam Bakari ya roƙi a ba shi gawar, ya ce ko ba ta riƙe sanyi za ta riƙe irin albasa da na tumatir da 'yan ƙarafunansa, don zai koma wajen 'yarsa a Vimtim. An amince a ba shi. Malama Rachael za ta kai masa ita Duvu a bayan babur, ta tsaya gaban dattawa hannu wofi ta faɗi abin da idonta ya gani a kan dutsen nan, ko da yake ta san 'ya'yan wa ke wanke tanki a wurin. Za a yi zaman makoki a gidanta da ke Yelwa. Babu abinci, babu zoɓo, mai zuwa ya zo da kujerarsa. Waɗanda suka ci shinkafar an ɗauke musu wahalar zuwa, sun riga sun yi nasu.

Gawa za ta tashi daga bakin rafin Duvu da hantsi ranar kasuwa, Malam Bakari ne zai ɗauke ta a ka. Ayabar da ya dasa ta fitar da nono, bai nuna ba tukuna. An ce wanda aka ba lambun zai sare.