Yadda Za Ka Zana Taswirar Cuta Ba Tare Da Takalminka Ya Taɓa Taɓo Ba

Lalaci iri-iri ne, amma wanda ya fi ɓarna shi ne lalacin mai ilimi, don shi da kwamfuta a hammata yake zuwa. Ni ban yi boko mai nisa ba, sai dai na zauna kusa da wanda ya yi, na kuma buɗe ido. Saboda haka kai da ka shiga jami'a neman digiri na biyu a fannin zana taswirar cututtuka, matso kusa. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbaci sunanka zai zagaye gari. Ɗan ƙanwata ya bi su, har yau ana maganarsa. Dokta muke ce masa a gida, shi ya ce a fara tun yanzu don baki ya saba.

Mataki na 1: Riƙe kalmomi, saki ma'ana

A aji ka zauna inda fanka ta fi kaɗawa. Duk kalmar da ta fi tsawo ka haddace ta, ka kawo gida. In mahaifiyarka ta ce, "Wai me kuke karantawa ne?" ka ce, "Inna, daga tauraron ɗan'adam muke leƙen cuta." Za ta ƙara maka nama.

Mataki na 2: Karɓi aiki da hannu biyu

Amai da gudawa suka ɓarke a unguwar bayan kwata. Farfesa, wata mata marar son wasa, ta miƙa wa Dokta na'ura kamar waya, ta ce, "Malam, gida-gida za ka bi. Duk gidan da aka yi ciwo, ka tsaya a ƙofarsa ka danna nan. Na'urar za ta sa ɗigo a taswira daidai inda ƙafarka take. Inda ɗigo suka taru, ruwan da ke kusa da nan shi ne mai laifi. Ka gane?"

Ka ce ka gane. Ka ma rusuna. Rusunawa ba ta ɓata takalmi.

Mataki na 3: Nemi sunaye inda aka riga aka tara su

Unguwar bayan kwata akwai taɓo, akwai wari, akwai karnuka. Asibiti kuwa da siminti. Dokta ya je wurin ma'aikaciyar jinya ya kwafe sunayen majinyata sittin da uku daga littafinta.

Ta ce, "Dokta, ba za ka leƙa unguwar ba? Duk wanda na tambaya inda yake ɗiban ruwa, famfon bakin lambatu yake ce mini."

Ya ce, "Sista, wannan ji-ta-ji-ta ce. Mu da hujjar kimiyya muke aiki."

Ka lura da kyau: mai ilimi ba ya karɓar gaskiya daga wanda bai kai shi takarda ba.

Mataki na 4: Zaɓi wurin zama mai albarka

Gidan surukinka ya fi. Akwai inuwa, akwai wuta, ga ruwan sanyi. Surukin Dokta tsohon tela ne, abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, rijiyar da ya haƙa a tsakar gidansa shekara talatin da suka wuce. Maƙwabta na layi a kanta, bai taɓa hana kowa guga ba. Shi da kansa ya sa aka fito wa Dokta da kujera mai hannu, yana gaya wa masu ɗiban ruwa, "Ku rage surutu, mijin 'yata yana aikin gwamnati."

Mataki na 5: Warwatsa ɗigonka

A nan ake gane mai basira. In ka danna sau sittin da uku a kujera ɗaya, ɗigon za su hau kan juna, Farfesa ta gane. Don haka tashi ka zagaya. Dokta ya danna biyar a ƙofar kicin, bakwai a gindin bishiya, wasu a bakin banɗaki, wasu wajen igiyar shanya.

Matarsa ta ce, "Wai ni kam me ka yar kake nema?"

Ya ce, "Bincike nake, kauce mini daga hanya."

Kafin la'asar ya gama aikin sati biyu. Ɗigon suka yi zobe mai kyau. Abin da ke tsakiyar zoben kuwa, kada ka duba.

Mataki na 6: Ka sa launi, ka ɗaga murya

Ja ya fi tsoratarwa, sa ja. Dokta ya haska taswirarsa a bango gaban Farfesa da jami'an lafiya, ya nuna jan tabon da sanda ya ce, "Ga cibiyar annoba. Ina ba da shawarar a rufe ruwan wurin nan yau, ba gobe ba." Aka tafa masa. Farfesa ta ce ɗigon sun cika matsuwa, tana so ta sake dubawa, amma babban jami'i ya ce mutane na mutuwa, babu lokacin dube-dube.

Kada ka tambayi wace unguwa ce a ƙarƙashin jan. Kai taswira ka karanta, ba unguwa ba.

Mataki na 7: In mota ta tsaya a ƙofa, ka riƙe mutuncinka

Washegari Dokta na kan kujerar nan mai hannu sai ga farar mota, da mutum huɗu masu safar hannu, da buhunan siminti. Tsoho ya fito da tsinken sakace a baki.

"Lafiya, samari?"

"Baba, rijiyarka ce ta kwantar da mutum sittin da uku."

"Tawa? Ko jikana bai yi zawo ba!"

"Ga taswira, Baba. Masani ne ya zana." Jami'in ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe. "Af, ga shi nan ma! Ranka ya daɗe, har ka riga mu isowa?"

Tsoho ya dubi takardar, ya dubi igiyar shanya, ya dubi Dokta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, tashi mini daga kujera."

Aka toshe rijiya. Famfon bakin lambatu kuma ya ci gaba da aikinsa har kwana tara, sai da Farfesa ta sa takalmin roba ta bi Sista suka taka unguwar da ƙafarsu. A kwana taran nan mutum goma sha ɗaya suka ƙaru a gadon asibiti, ciki har da 'yar mai wankin da ke yi wa Dokta gugar riguna. Allah ya sa ta tashi.

Ga abin da Dokta ya samu, ka ƙirga da ni. Digiri ya tafi. Shekara biyu ta tafi. Na'ura an karɓe. Rijiyar shekara talatin, da aka zo fasa simintin don a buɗe ta sai bakinta ya rufta, yanzu tsohon tela shi ke bin layi da bokiti a gidan wasu. Matar Dokta tana gidan ubanta, ta ce za ta dawo ran da ruwa ya dawo. Sunan Dokta ma bai tsira ba, duk unguwa Ɗigo ake kiransa, har Inna.

Na yi alkawarin suna zai zagaye gari, kuma ya zagaye. Sauran abin da ya biyo baya babu hannuna, babu ƙafata, kada wanda ya zo mini da kuka. In kuma ka ƙudura sai ka gwada, ka nemi tsakar gidan wani. Tawa rijiyar ɗaya ce, kujerun gidana kuma duk na sa an shigar da su ɗaki.